Maharbiyar Tailan mai shekara 16, da batun wanda ya kamata a hana bindiga

A watan Disamba na 2006, a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar, wata yarinya 'yar Tailan mai suna Thanyalak Chotphibunsin ta kwanta rub da ciki a filin harbi, ta kafa gwiwoyin hannu a ƙasa, ta ɗora kunci a kan gindin bindiga, ta aika harsashi 60 ɗaya bayan ɗaya zuwa wani allo da ke nesa da ita mita 50. Da aka tattara maki, mace ɗaya ce kaɗai ta sha gabanta, Olga Dovgun ta Kazakistan, gogaggiyar da ta girme ta da shekara 20, wadda kuma ta taɓa cin gasar duniya a wannan fanni. Thanyalak ta ɗauki lambar azurfa. Da aka haɗa makinta da na abokan tafiyarta biyu, Tailan ta ɗauki zinare a gasar ƙungiya, ta bar Sin a baya. A watan Nuwamba na 1990 aka haife ta, ke nan ba ta daɗe da cika shekara 16 ba.

Babu wanda ke wayar gari ya iya irin wannan harbi. Yarinyar da ta kai nan tana da shekara 16, tun tana ƙarama sosai wani ya buɗe mata ƙofar filin harbi, ya miƙa mata bindiga, ya tsaya a bayanta yana gyara mata kafaɗa da numfashi. Wannan ƙofa ita ce ake ja-in-ja a kanta a Tailan tun 2023, kuma ra'ayina shi ne rufe ta kuskure ne, duk da na san dalilin da ya sa mutane ke son a rufe.

Mai karatu da ke Zamfara ko Katsina ko Maraɗi, in ya ji an haɗa yarinya da bindiga a zance ɗaya, gabansa ne zai faɗi, kuma yana da gaskiya. Mutanen Tailan su ma suna da nasu gyambon. A watan Fabrairu na 2020, wani soja a garin Nakhon Ratchasima ya kwashi makamai daga bariki, ya shiga wani katafaren kanti, ya kashe mutum 29. Ranar 6 ga Oktoba, 2022, wani tsohon ɗan sanda da aka kora daga aiki saboda ƙwaya ya afka gidan renon yara a lardin Nong Bua Lamphu da bindiga da wuƙa, ya hallaka mutum sama da 30, akasarinsu ƙananan yara, da yawansu suna barcin rana. Shekara guda bayan haka, ranar 3 ga Oktoba, 2023, wani yaro mai shekara 14 ya buɗe wuta a kantin Siam Paragon da ke tsakiyar Bankok. Mata biyu suka mutu a ranar, ɗaya 'yar Sin, ɗaya 'yar Myanmar, ta uku kuma ta cika daga baya a asibiti.

Wannan na ƙarshe shi ya jawo filayen harbi cikin zancen, domin rahotanni sun nuna yaron ya taɓa zuwa filin harbi yana gwada hannu. Ma'aikatar cikin gida, a lokacin tana hannun Anutin Charnvirakul, ta fito da matakai: a tsayar da ba da sabon lasisin yawo da bindiga, a yi rajistar bindigogin da ke yin ƙara kawai ba tare da fitar da harsashi ba, a kuma taƙaita shigar waɗanda ba su kai shekara 20 ba filayen harbi. Biyun farko na goyi bayansu ba tare da wata tantama ba. Na ukun ne ya tsaya mini a rai.

Ba na raina hujjar masu goyon bayansa. Uwar da ta binne ɗanta ba za ka zo mata da zancen lambar azurfa ba. Za ta ce maka, me ƙasa za ta rasa in ba a harba bindiga a gasa ba? Ga dambe, ga ɗaga ƙarfe, ga ƙwallon raga, yara su yi su. Kuma za ta ce yaron da ya saba da nauyin bindiga a hannu, ya saba da jan kunama, tsoron abin ya fita daga zuciyarsa, wannan tsoro kuwa shi ne katangar farko. Magana ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta.

Sai dai a duba inda bindigogin da suka kashe mutane suka fito. Na Nakhon Ratchasima daga rumbun makaman soja. Ta Nong Bua Lamphu mallakar tsohon jami'in tsaro ce da ya saya bisa doka. Ta Siam Paragon kuwa bindiga ce da aka ƙera don ta yi ƙara kawai, wani ya gyara ta ta koma cin harsashi na gaske, aka sayar da ita ta intanet. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta a 2017 cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 10.3 a hannun farar hula a Tailan, wato kusan 15 ga kowane mutum 100, mafi yawa a kudu maso gabashin Asiya, kuma wajen miliyan 4 daga ciki ba su da rajista. Akwai wani tsari na gwamnati da ke ba ma'aikata damar sayen bindiga a farashi mai rahusa, kuma an daɗe ana kukan cewa wasu na saye su sayar a kasuwar bayan fage. A watan da aka yi kisan Nong Bua Lamphu ɗin nan aka kama wani ɗan sandan lardin Nonthaburi da laifin sace bindigogi sama da 100 daga ofishinsu yana sayarwa. Dokar makamai ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1947, ba ta da sassauci a takarda: sai mai shekara 20 ke samun lasisi, kuma mallakar bindiga ba izini na iya kai mutum kurkuku har shekara 10. Matsalar tana wajen aiwatarwa, tana wajen masu kaki da masu hannu da shuni. Idan aka bar duk wannan aka tare yarinya mai shekara 13 a ƙofar filin wasa, an bar jaki ana dukan taiki.

Ina ganin yawancin masu wannan muhawara ba su taɓa tsayawa sun kalli yadda wasan yake ba, don haka bari in ɗan daɗe a nan.

Matakin da kowane yaro ke farawa shi ne bindigar iska ta mita 10. Ba ta cin albarushi. Iska ce da aka matse a cikin wani ɗan bututu ke tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, kuma ƙwaya ɗaya ake ɗurawa a kowane harbi, da hannu. Nauyin bindigar bai wuce kilo 5.5 ba. Tsakiyar allon, inda ake samun maki 10, faɗinta rabin milimita ne, kamar ɗigon da biro ke bari a takarda. Maharbiya na tsaye, sanye da wata riga da wando masu tauri da ke tallafe mata baya, takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi, ta ɗaga bindiga, ta sauke numfashi, ta jira jikinta ya lafa. Abin da take yaƙi da shi bugun zuciyarta ne, domin duk bugu ɗaya yana motsa bakin bindigar. Ƙwararru suna koyon sakin harbi a tsakanin bugu da bugu, kuma ba fizgar kunama ake yi ba, matsa ta ake yi a hankali har harbin ya fita da kansa. Idan saitin bai kwanta mata ba, sai ta sauke bindigar ta sake daga farko, kuma sanin lokacin da za a fasa harbi yana cikin manyan abubuwan da koci ke koyarwa. Haka za ta yi sau 60 cikin minti 75. A yau ana auna makin har da ɗigo, mafi girma 10.9, kuma wadda harbinta ke tsayawa a 10.2 ba za ta ga zagayen ƙarshe a manyan gasa ba.

Dokokin filin kuwa ba su da wasa. Ba a ɗura bindiga sai alƙali ya ba da umarni. Da an gama, dole a zura wata igiya mai launi ta cikin bututun, kowa ya gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Wanda ya juya bakin bindiga inda ba allo ba, ana iya korarsa daga gasar nan take. Yaron da ya yi shekara uku a irin wannan wuri, abin da ya shiga jininsa shi ne bindiga ba ta kallon mutum, ko da babu komai a cikinta. Ina da yaƙinin cewa wannan tarbiyya ta fi tsoron jahilci ƙarfi, domin tsoron jahilci yana gushewa ranar da yaro ya ga bindigar babansa a aljihun mota, ko ya kalli bidiyo a waya.

A mita 50, inda Thanyalak ta yi fice, harsashi ne na gaske amma ƙarami, mai faɗin milimita 5.6, kuma da'irar maki 10 ba ta wuce milimita 10.4 ba. A can akwai ƙarin abokin gaba, wato iska. Ana kafa ƙananan tutoci a tsakanin maharba da alluna, maharbiya na karanta kaɗawarsu, ta san lokacin da za ta harba da lokacin da za ta dakata. A ce yarinya 'yar shekara 16 ta iya wannan karatu har ta bi sawun zakarar duniya, wannan aikin shekaru ne na haƙuri.

Shekara biyu ba su cika ba ta tsaya a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, a bindigar iska ta mita 10, tana da shekara 17. Wannan fanni shi ne aka fara raba zinare a kansa a gasar baki ɗaya, ranar 9 ga Agusta, duniya duka na kallo. Katerina Emmons ta Jamhuriyar Cek ta harba sau 40 a zagayen share fage, duka 40 suka faɗa cikin 10, ta ci 400 cif, ta kuma ɗauki zinaren. Du Li ta Sin, mai riƙe da kambun tun Atens 2004, a gaban jama'arta, ta ƙare ta biyar ta fita tana kuka. Thanyalak ba ta shiga cikin takwas na ƙarshe ba. A fagen da kuskure uku ko huɗu cikin 40 ke mayar da mutum gida, isa wurin ma a wannan shekaru abin a yaba ne.

A nan ne nake jin an yi wa matan Tailan rashin adalci na biyu, wanda ba a cika faɗa ba. Harbin kwance na mita 50, inda suka doke Sin a Doha, bai taɓa zama fannin mata a Olamfik ba. Na maza ma an cire shi bayan Riyo 2016. Ke nan inda suka fi ƙarfi ba a raba lambar da duniya ke ƙirgawa. Tailan kuwa ƙasa ce da ta san daɗin Olamfik ta wasu hanyoyi: Somluck Kamsing ya kawo mata zinaren farko a dambe a 1996, Udomporn Polsak da Pawina Thongsuk suka kawo biyu a ɗaga ƙarfe a 2004, Panipak Wongpattanakit ta ci na taikwando a Tokiyo ta sake ci a Faris. A harbi har yau babu lambar Olamfik ko ɗaya. Sutiya Jiewchaloemmit ta matso kusa a 2008 a harbin faifan da ake cillawa sama, ta ƙare ta biyar. Wasan da ba shi da zinaren Olamfik ba shi da mai kare shi a majalisa, shi ya sa in aka tashi neman abin da za a sadaukar don a nuna ana aiki, shi ne mafi sauƙin kamawa.

Alhali ƙasar tana da tarihi a wannan fage. A watan Janairu na 2000, a gasar Asiya da aka yi a Langkawi ta Maleshiya, ɗan Tailan Tevarit Majchacheep ya zama namiji na farko da ya ci 600 cikin 600 a bindigar iska ta mita 10. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta kai manyan gasanninta Bankok fiye da sau ɗaya. Tanyaporn Prucksakorn, mai harbi da ƙaramar bindiga, ta fara zuwa Olamfik a 2008 kuma tana nan har Faris 2024. Maƙwabciyarsu Biyetnam ma ba ta taɓa ganin zinaren Olamfik ba sai da Hoang Xuan Vinh ya kawo mata a Riyo 2016, kuma ta harbi ya kawo shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin mata ne za su fi asara. Wasanni kaɗan ne mace ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da namiji ba tare da an rage mata komai ba, harbi na cikinsu. A Montiriyal a 1976, lokacin da maza da mata ke gasa tare, Margaret Murdock ta Amurka ta yi kunnen doki da ɗan ƙasarsu Lanny Bassham a maki 1,162. Aka ba shi zinare bisa ƙa'idar raba gardama, shi kuma ya jawo ta saman dandamali suka tsaya tare lokacin taken ƙasa. A Basalona a 1992, Zhang Shan ta Sin ta doke dukan maza a harbin faifai ta ɗauki zinare, sai aka wayi gari a gasar 1996 babu gurbin mata a nau'in harbin faifan da ta ci, sai a 2000 aka buɗe musu nasu. Shekara da shekaru ana ba mata harbi 40 ana ba maza 60, kamar ba za su jure ba, sai a 2018 aka daidaita, kuma tun daga nan makin manyan mata a doguwar bindigar iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na manyan maza. Wasa ne da ba ya tambayar tsawo ko ƙarfin dantse, ba ya kuma buƙatar mace ta tuɓe sutura. Matan Iran suna yinsa da hijabinsu, Elaheh Ahmadi ta kai zagayen ƙarshe a Riyo. Nur Suryani Taibi ta Maleshiya ta harba a Landan 2012 da cikin wata takwas. A kudancin Tailan akwai larduna da Musulmi suka fi yawa, irin su Pattani da Yala da Narathiwat, kuma ga yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta shiga iyo ko tsere ba, wannan na cikin 'yan ƙofofin da suka rage mata.

Za a ce ai ana iya keɓe 'yan wasan ƙasa, dokar ba ta shafe su ba. To amma ɗan wasan ƙasa daga ina yake fitowa? Kafin a samu Thanyalak ɗaya, sai yara ɗaruruwa sun gwada, yawancinsu sun gaji sun bari, kaɗan sun zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu ta fara harbi a 2021, ta ci zinare a Faris a 2024 tana da shekara 16, bayan ta yi kunnen doki da Huang Yuting ta Sin, aka raba su da harbi ɗaya, 10.4 da 10.3. Da a ce sai ta cika 20 za a bar ta ta taɓa bindigar iska, da babu wannan labari. Kuma in aka bar izini a hannun jami'i ya ba wanda ya ga dama, an san 'ya'yan da za su samu: na hafsoshi da na attajirai. Dama wasan akwai tsada, bindigogin daga Jamus ake kawo yawancinsu, na kamfanonin Feinwerkbau da Walther da Anschütz, ga riga, ga harsashi da ake odarsa daga Turai. Ƙara wani shinge a kan wannan zai mayar da shi na gidaje ƙalilan.

Abin da ya kamata a raba shi ne filin wasa da filin kasuwa. A Bankok da Pattaya da Phuket akwai wuraren da ɗan yawon buɗe ido ke biyan kuɗi a miƙa masa babbar bindiga ya harba don nishaɗi, a ɗauke shi hoto. Irin waɗannan ban ga dalilin da zai sa yaro ya taka ƙafa cikinsu ba, ko da rakiyar uba, kuma ina goyon bayan a hana da babbar murya. Filin da ke ƙarƙashin hukumar wasanni, mai koci da aka tantance, da rajistar sunan kowane yaro, da sa hannun iyaye, da ɗakin da ake kulle bindigogi ba mai tafiya da su gida, wannan wani abu ne daban.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Jamus doka ta bar yaro ya fara da bindigar iska daga shekara 12 a gaban mai sa ido da yardar iyaye, ƙaramin harsashi kuma daga 14. Japan, wadda dokar makamanta ke cikin mafi tsanani a duniya, ta ƙera wa ɗalibanta bindigar haske da ba ta fitar da komai sai ɗigon haske a kan allo, suna gasa da ita a makarantun sakandare. Birtaniya ta bi ɗaya hanyar bayan kisan yara a Dunblane a 1996, ta haramta ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya, har 'yan wasanta suka riƙa fita ƙasashen waje don atisaye, amma ko ita ba ta rufe wa yara ƙofar bindigar iska a kulob ba. Tailan na iya hawa mataki-mataki: bindigar haske a makaranta ga 'yan ƙasa da 12, bindigar iska a filin hukuma daga nan, harsashin mita 50 sai ga wanda ya yi shekaru a rajista kuma kocinsa ya tsaya masa. Ƙarfin da ya rage na gwamnati ta kai shi rumbunan makaman barikoki da ofisoshin 'yan sanda, da tsarin sayar wa ma'aikata bindiga da rahusa, da shagunan intanet masu gyara bindigar ƙara ta koma ta kisa.